Ƙwayar Higgs ɗaya ba ta rufe magana ba

Ranar 4 ga Yuli 2012 masana a cibiyar binciken fizik ta CERN da ke kusa da Janeba suka sanar da gano ƙwayar Higgs, wata mitsitsiyar ƙwaya da ke da alaƙa da yadda sauran ƙwayoyin halitta ke samun nauyi. Nauyinta kusan GeV 125 ne (GeV ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne). Da yawa cikin masu bin labarin kimiyya a Garwa da Marwa sun ɗauka aiki ya ƙare ke nan. Da sauran rina a kaba.

Duk abin da ido ke gani, taurari da ƙasa da jikinmu, kashi 5 ne kacal cikin ɗari na abin da ke cikin sararin samaniya. Kusan kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne da ba ya ba da haske, sai jansa da ake gani a tafiyar taurari, kamar yadda masaniyar taurari Vera Rubin ta nuna a shekarun 1970. Cikin ƙwayoyin da aka sani babu wadda ta dace da shi.

Ka'idar supasimetiri ta ce kowace ƙwaya tana da 'yar'uwa da ba a gano ba tukuna. Mafi rashin nauyi cikinsu, nutralino, ba ta da caji kuma ba ta wargajewa, don haka ake zaton ita ce ɓoyayyen abun. Sai dai ka'idar ba ta tsayuwa da Higgs ɗaya. Ƙaramar sigarta, MSSM, Higgs biyar take bukata, kuma a lissafinta na farko nauyin Higgs mafi ƙanƙanta ba ya wuce na wata ƙwaya da ake kira Z, wato GeV 91, sai an kawo wasu ƙwayoyi masu nauyin gaske kafin ya kai 125. Wata sigar, NMSSM, ta ƙara sashe guda a lissafin, Higgs suka zama bakwai, nauyin ya hau cikin sauƙi, nutralino kuma ta ƙara wuyar kamawa.

Har yau LHC, injin CERN mai karo da ƙwayoyi, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan sababbin ƙwayoyi ba. Gwajin LZ a Amurka da XENONnT a Italiya, masu neman ɓoyayyen abun, su ma ba su kama shi ba. Masu suka na cewa faci kawai ake yi wa tsohuwar riga. Kukansu na da tushe, domin ka'idar da gwaji ba zai iya kayar da ita ba ta bar gidan kimiyya. Amma ni ina ganin kowane gwaji da ya dawo hannu rabbana yana rage wuraren da ka'idar za ta fake, kuma tantance abin da ya saura aikin lissafi ne da kwamfuta.

Wannan aikin bai fi ƙarfin ɗaliban fizik na jami'o'in Marwa da Ngaundere ba. CERN na sakin wani kaso na bayananta kyauta a intanet. Ana sa ran LHC da aka ƙara wa ƙarfi zai fara aiki wajajen 2030. Malamanmu su fara ba ɗaliban digiri na biyu irin wannan bincike tun yanzu, su kuma matsa wa hukuma kan wutar lantarki da intanet da aikin ke bukata.