Wa ke cinye barcin yaranmu a Accra?

Tun watan Yulin 2022 doka ce a jihar Kalifoniya ta Amurka: babbar sakandaren gwamnati ba za ta fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe ba, ƙarama kuma kafin 8:00, in ban da makarantun karkara da aka ɗauke wa. Gwamna Gavin Newsom ne ya sa hannu a 2019, bayan wanda ya gabace shi, Jerry Brown, ya ƙi amincewa da irinta a 2018. Iyaye da likitoci ne suka yi ta fafatawa da hukumomin ilimi shekara da shekaru kafin a kai ga haka. Har ƙungiya gare su, Start School Later, wadda aka kafa a 2011, ba ta da wani aiki sai wannan.

Duk majalisar da na kawo zancen nan a Nima ko Maamobi, unguwannin Hausawa da Musulmi na Accra da ake kira zango, dariya ake fara yi. Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya ce mini, "Kai ɗan Kano, Bature in ya ƙoshi ba ya rasa abin yi wa zanga-zanga. Mu ƙarfe huɗu muke tashi ɗiban ruwa, ga mu nan da ranmu." Na ce, "Haka ne Baaba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ƙarfe nawa kuke kwanciya a lokacin?" Ya ce ai da an sallame lisha an ci tuwo shi ke nan, wa zai ƙona kananzir a banza. To, a nan maganar take. Jikokinsa sun gaji tashin ƙarfe huɗun, ba su gaji kwanciyar ba.

Abin da likitocin can suka dogara da shi ba sangarta ba ne. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta daɗe tana nazarin barcin matasa, aikinta da na wasu ya nuna cewa da yaro ya fara balaga, sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki domin jiki ya san dare ya yi yakan jinkirta fitowa, ya kuma jinkirta janyewa da safe. Shi ya sa yaron da yake ɗan shekara 9 yana ɓingirewa a kan tabarma tun kafin a kwashe kwanuka, da ya kai 15 sai ka gan shi ido biyu har sha ɗaya, da asuba kuma sai an yi kamar za a ɓalle ƙofa. Ƙwararrun barci na Amurka sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare, kuma a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fito fili ta nemi kada sakandare ta fara kafin 8:30. Da birnin Siyatil ya matsar da ƙararrawarsa daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, masu bincike na Jami'ar Washington suka ɗaura wa ɗaliban makarantu biyu na'urar auna barci a wuyan hannu. Masu cewa yara za su ƙara raba dare ne kawai ba su ci gari ba: barcin ya ƙaru da minti 34 a dare, maki ya ɗan hau, kuma a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa ne makara da fashi suka ragu.

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa mu ɗauko 8:30 ɗin nan mu dasa a Accra ba. Ko a Amurkar ma ba ko'ina ta zauna ba. Jihar Fulorida ta yi irin dokar a 2023, ta warware ta a 2025 tun kafin ta fara aiki, saboda rigimar motocin ɗaukar ɗalibai da direbobi da kuɗi. Mu kuwa ciwonmu a wani wurin yake.

A Kano na yi karatu, da ƙafa nake zuwa makaranta. Nijeriya tana gaban Ghana da awa ɗaya a agogo, don haka a lokacin hunturu rana ba ta leƙowa a Kano sai bakwai ta kusa. Mu dawo wajen ƙarfe biyu, mu ci abinci, gari ya yi tsit saboda zafin rana, kowa ya miƙe ya yi ƙailula har la'asar, sannan a tafi islamiyya. Ba na cewa Kanon yau haka take. Makarantun kuɗi can ma sun koyi riƙe yara har yamma da sunan lesin. Amma dai ranarmu tana da wurin hutawa a tsakiyarta.

Accra ba ta san wannan ba. Layin Greenwich, wanda ake auna agogon duniya daga kansa, ta garin Tema da ke gefen Accra ya ratsa, agogon nan da rana tafiyarsu ɗaya, kuma garin yana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka duk shekara rana wajen ƙarfe shida take fitowa, wajen shida take faɗuwa. Asuba tsakanin 4:30 ne da biyar da 'yan mintoci. Yaron Musulmi a nan, ko an buɗe makaranta ƙarfe goma, ladan ya riga ya tashe shi. Bayan ladan kuma sai hanya. Wanda hayar ɗaki ta kora daga Nima ko Newtown ya koma Kasoa, ko Ashaiman, ko bayan Adenta, amma aikinsa da makarantar 'ya'yansa suna cikin gari, ba ƙararrawa yake tsere da ita ba, cunkoson motoci ne. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kasoa zuwa Mallam da Kaneshie da safe ya san in ka bari gari ya waye ka shiga uku. Je ka tashar trotro, wato motocin haya, da duhun asuba ka ga yara cikin kayan makaranta a layi, wasu suna gyangyaɗi a tsaye. Hausawa suka ce in ka yi sammako wani a tafe ya kwana; a Accra wanin nan ɗan JHS ne, wato ƙaramar sakandare. Ka matsar masa da darasi zuwa 8:30, ba abin da ya ƙaru gare shi sai zaman jira a bakin get, domin uwarsa ba za ta fasa fita ƙarfe biyar ba.

Shigowar karatun sakandare kyauta a 2017 alheri ne babba ga zango, ba mai musun wannan. Sai dai tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai, kuma takan jefa ɗan jeka-ka-dawo makarantar da sai ya hau mota biyu ko uku. Wanda ya samu makarantar kwana ya huta da hanya, amma ku tambayi 'ya'yanku ƙarfe nawa ake kaɗa musu ƙararrawar tashi: tun da duhu, domin shara da wankin banɗaki da layin ruwa, bayan sun yi karatun dare har wajen tara. In WASSCE, jarrabawar kammala babbar sakandare, ta matso, su da kansu suke ƙara yanke abin da ya rage, har alfahari ake da wanda ya kwana bai runtsa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne darasin sassafe na 'yan ajin ƙarshe na JHS. Da BECE, jarrabawar fita JHS, ta doso, makarantu da yawa, musamman na kuɗi, sai su ce yaro ya iso tun ƙarfe shida ko shida da rabi, a kuma riƙe shi har yamma, iyaye su biya. Mu ma da murna muke biya, gani muke makarantar tana ƙoƙari. Alhali abin da yaro ya karanta da rana, cikin barci ƙwaƙwalwa ke jera shi ta adana. Wannan sananne ne a wurin masana. Muna biyan kuɗi a ƙara masa awa ɗaya ta zama a gaban allo, a ɗebe masa awar da karatun zai zauna a kansa.

Ga kuma 'yan mata, waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba. Kokon da Accra ke alfahari da shi, da ƙosai da waakye, daga gidajenmu suke fita, kuma ba aljanu ke hura wutar ba. 'Yar mai koko tun tsakar dare take kan ƙafa, ta tace gasara, ta kai tukunya bakin titi, sannan ta yi wanka ta tafi aji. In ta kifa kai a kan tebur, bulala ce, a rubuta wa uwarta cewa ba ta mai da hankali.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da hujja: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Ba wanda ya ce a bar yaro ya kwana har hantsi bai yi sallah ba. Amma shi ɗin ne dai aka ruwaito yana ƙin hira bayan isha'i, kuma ƙailula sananniya ce a zamaninsa, har Suratun Nur ta sa tsakar rana cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga ɗaki, saboda mutane sun tuɓe suna hutawa. Abu uku ne suke tafiya tare, mu muka riƙe ɗaya. A Accra isha'i ba ta wuce bakwai da rabi, amma zango ba ya kwana: ɗaki ɗaya da talabijin a kunne, gidan kallon ƙwallo har goma in ana gasar zakarun Turai, lasifikar biki a lungu, waya a ƙarƙashin mayafi. Hasken nan kuwa shi ke ƙara ture melatonin ɗin baya. Barcin yaron ya zama kamar zanen da ake yanka ta sama ana yanka ta ƙasa, sannan a yi masa faɗa don bai rufe jiki ba.

Da ni za a bi, ba ofishin minista za mu fara nufa ba. Taron iyaye da malamai za mu je mu ce a soke darasin ƙarfe shida, in ya zama dole a mai da shi bayan tashi. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana su nemi a nuna musu jadawalin kwanciya da tashi, su ƙirga awannin da kansu, kamar yadda suke ƙirga garin kwaki da sukarin da suke zuba musu a akwati. Lokacin cike zaɓin sakandare, makaranta mai matsakaicin suna a kusa da gida ta fi mai babban suna da za ta ci awa huɗu a hanya kullum. Yaron da makarantarsa ke unguwa kuma, in ya yi asuba ya koma ya ƙara awa ɗaya, a ƙyale shi. Malamai sun ce barin barcin ya fi, ba su ce haramun ba ne.

Akwai guda ɗaya da ke hannunmu kacokan. A Kano Alhamis da Juma'a ne hutun makarantar allo, amma a nan Asabar da Lahadi su ne manyan ranakun karatun Arabiyya, tunda boko ta cinye sauran. Ke nan ɗan zango ba shi da safiya ko ɗaya a mako da zai rama bashin barci, alhali abokinsa na aji yana da Asabar. A mai da farawar ƙarfe tara mana. Na tuntuɓi wani malami da maganar, ya ce, "Alhaji, in muka fara tara sai mu kai azahar, kuma ranar Lahadi iyayen ne da kansu ke zuwa janye yara saboda ɗaurin aure da suna." Gaskiyarsa. Amma ɗaurin auren ma mu ke sa masa lokaci, kuma ban taɓa ganin wanda aka fara a kan lokacin da aka rubuta a kati ba.