Jawabin da na fara daga wutsiya

Ni dai ban roƙi kowa ba. Ina zaune a shagona a Kantin Kwari ina yanka wa wata hajiya yadi biyar na shadda, sai ga waya daga hedimastan makarantar su autarmu. Wai kwamiti ya zauna, ni aka zaɓa in yi jawabi a madadin iyaye ranar bikin yaye ɗalibai. Minti biyar kacal. Na ce to, Allah Ya kai mu. Ina ajiye wayar cikina ya ɗuri ruwa. Ciniki kam na iya, ina iya jan farashi da ɗan Maraɗi tun hantsi har azahar, amma gaban lasifika ban taɓa tsayawa ba. Ko waliccin aure aka ba ni, can ƙasan maƙoshi nake cewa "mun bayar".

Da daddare na nemo tsofaffin jawaban Ɗan Masanin Kano, marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, a YouTube. Mutumin da ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ga shi nan yana zuba magana babu takarda a hannu, ya ɗaga murya, ya sauke, ya ɗan yi shiru har sai ka matso da kunne. Na ce ashe abin ba wuya. Na tsaya gaban madubi, na ɗaga yatsa, na yi irin shirun nan nasa. Uwargida ta leƙo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Alhaji, lafiya? Ko in kira malam a yi maka tofi?"

Washegari na ajiye girman kai na tafi wurin maƙwabcina, malamin Hausa a sakandare. Ya ce, "Alhaji, kai mai yadi ne, bari in yi maka da yarenka. Jawabi babbar riga ne. Akwai wuya, shi ne gabatarwa, nan ake yin aikin da ido ke fara gani. Akwai jiki, shi ne gundarin magana. Sai kalmasa, wato kammalawa, wadda in babu ita rigar zarewa za ta yi." Ya ce batutuwana kada su wuce uku, kamar duwatsun murhu, kowanne kuma in rataya masa misali guda. Kada in rubuta komai da komai, in ba haka ba karatu zan yi wa mutane, ba jawabi ba. Kanun magana kawai, a ƙananan katuna. Ya jaddada mini jerin gaisuwa: wakilin hakimi tukuna, sai dagaci, sai mai unguwa, sai liman, kada in kuskura in sa wani gaban wani, don an sha ɓata zumunci a kan abin da bai kai wannan ba. Akwai wani abu na ƙarshe da ya faɗa, daidai lokacin da yarona na shago ya kira ni kan wata dila da ta iso. Na gyaɗa kai kawai. Daga baya na ji ashe cewa ya yi in sa wa katunan lamba.

Na yanka kwalin da ake naɗe shadda a kai, na fitar da kati bakwai masu kyau. Ɗaya na gaisuwa, ɗaya na buɗewa, uku na batutuwa, ɗaya na labarin yadda aka zane ni a firamare kan jadawalin sau bakwai, ɗaya na rufewa. Batutuwan su ne godiya ga malamai, kira ga iyaye su riƙa duba littattafan yara, da rufin aji huɗu da ke yoyo duk damina. Gwajin farko da agogon waya ya ba ni minti goma sha tara, gaisuwa kaɗai ta cinye huɗu. Kwana shida ina datsewa kamar tela mai ƙarancin yadi, har na dawo da shi minti shida. Yaran gida sun haddace shi kaf. In na ce "batu na biyu", sai in ji an amsa daga tsakar gida, "iyaye su riƙa duba littattafai!"

Ranar Asabar na sa farar shadda ta sha bugu, na kafa hula zanna. Katunan na tarar a kan tabarma gaban auta da 'yar ƙanwata. Na daka tsawa, auta ta tattara su tsaf ta miƙo mini da hannu biyu. Har na sa mata albarka.

An rubuta ƙarfe goma a katin gayyata, aka fara sha biyu saura. Babban baƙo mai jawabi ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti arba'in. A ciki ya gode wa malamai, ya kuma ja kunnen iyaye su riƙa duba littattafan yara. Duwatsun murhuna biyu sun tafi ina ji ina gani. Na riƙe na ukun da kyau. Sai dagaci ya karɓi makirufo, ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Wannan rufi na aji huɗu fa?" Na ji kamar an kwance mini zani a kasuwa.

Sai wajen biyu da rabi aka kira ni. An ɗauke wuta, janareto na tari, fankoki sun tsaya, ƙanƙarar zoɓo ta narke, ƙamshin dafa-duka kuma yana fitowa daga ofishin hedimasta yana zagaya rumfa. Na yi sallama, na zaro katin farko hannuna na rawa, na karanta abin da na gani da ƙarfi:

"Daga ƙarshe, jama'a..."

Ban taɓa jin tafi irin wannan ba. Wata tsohuwa a layin baya har da guɗa. Na gane kalmasa na fara ɗinkawa kafin wuya, amma bakin alƙalami ya bushe. Na ƙarasa layin, "ina miƙa godiya ta musamman," na juya kati na gaba ina addu'a. Sai ga jerin gaisuwa. Na bi shi tiryan-tiryan: ga wakilin hakimi, ga dagaci, ga mai unguwa, ga liman. Abin ya zauna daram kamar da gangan. Na zaro na uku. An juya shi ta baya, ga rubutun auta da jan biro, da zanen kyanwa a gefe: "Ina bin Abba naira 200."

Na ce, "Wassalamu alaikum."

Maƙwabcina ya auna, ya ce daƙiƙa hamsin da biyu. Yana faɗa yana share hawaye da hularsa. Wakilin hakimi kuwa da za su fita ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ina ka yi karatu? Haka ake jawabi." Na ce, "Ranka ya daɗe, shiri ne kawai."

Auta ta karɓi kuɗinta a mota, ta ce har da na hayar biro. Rufin aji huɗu yana nan yana yoyo. Jiya kuma hedimasta ya sake kira, wai bana ma ni ne, kuma kwamiti ya ce don Allah irin na bara.