Wanda bai tuƙa mota cikin ruwa ba, da sauransa

Sau biyu na koyi mota. Na farko a gida, cikin rani, kwalta a bushe ƙayau. Na biyu a nan Ingila, inda sai da na sake komawa ɗan koyo kafin na samu lasisinsu. Wata safiya ana tsuga ruwa na kira malamar tuƙina, na ce mu ɗage darasin. Ta ce a'a, ai irin wannan ranar take jira.

Muna fita gilashin gaba ya yi tururi, waifa na ta kai da komo, ni kuwa na ƙanƙame sitiyari har yatsuna suka sage. Dab da wani shataletale na taka birki yadda na saba, sai na ji motar tana sulalewa kamar ba da ita nake ba. Shekaru ina tuƙi, amma ban taɓa sanin haka jiƙaƙƙiyar hanya ke cin tazara ba. Littafin dokar hanyarsu, Highway Code, ya ce ka bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninka da na gabanka, in ana ruwa ka ninka ta, a kan ƙanƙara kuwa nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya yakan kai ninki 10. Idan ba ka iya hangen abin da ya wuce mita 100, kunna fitila dole ne. Zanen taya ma doka ta ce zurfinsa kada ya gaza milimita 1.6.

Wani zai ce ai mu ba mu da dusar ƙanƙara. Gaskiya ne, amma muna da hazon hunturu, wanda in ya sauka tirela sai ta zo dab da kai za ka gan ta. Ɗan koyo da ya ruɗe zai kunna fitila mai dogon zango, hasken ya bugi ƙura ya dawo masa ido. Muna kuma da ruwan farko na damina, mai haɗa ƙura da man da motoci suka ɗigar tsawon rani ya mai da kwalta santsi. Ga ramukan da ruwa ke rufewa. Duk wannan babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Hadari na haɗuwa muke ajiye mota.

Ba cewa nake a jefa yaro cikin guguwa ba. Nan Ingila ma akan soke jarabawar tuƙi idan hanya ta daskare ko hazo ya yi kauri. Abin da ke damuna shi ne mutum ya fara haɗuwa da santsi shi kaɗai, da iyali a kujerar baya, babu kowa a gefensa da zai ce masa ɗaga ƙafa daga totur, kada ka daddage birki. Da ƙanena ya fara koyo bana, na roƙi mai koya masa ya ware masa kwana biyu cikin damina, ko da a fili ne, ya ji yadda birki ke amsawa a kan jiƙaƙƙiyar hanya.