Asibiti ya yi kuskure, don mi mara lafiya zai saida tunkiya?

In an kai mutum asibiti, ma'aikata sunka yi kuskure ciwo ya ƙaru, wa ke biyan kuɗɗin gyara? A nan Maradi kowa ya san amsa, mara lafiya ne da danginshi. Ni dai a ganina zalunci ne wannan, asibitin da anka yi kuskuren shi ya kamata ya biya, tun daga allura har kuɗɗin gado.

Ku ɗauka mace ce anka yi ma aiki anka fiddo jariri, an sallame ta, bayan sati biyu ga zazzaɓi, ga ciki na kumbura, wurin ɗinki na fidda ruwa mai wari. A maido ta, a yi hoto, sai a tarar ƙyallen goge jini ne anka mance ciki. Aikin farko kyauta ne bisa doka tun 2005, to amma ordonans ɗin da ke biyowa baya fa, wato takardun sayen magani? Sai ka ga miji da takarda a hannu ya hau kabu-kabu daga wannan farmasi zuwa waccan, yau maganin ƙwayoyin cuta, gobe ledar ruwa, jibi a ce a nemo mai ba da jini, in jikkunan aljihu sun ƙare a kira gida a ce a kai tunkiya kasuwa ko a fidda buhun hatsi daga rumbu. Shi da matarshi ba su mance komi cikin cikin kowa ba, amma su ke biya, har su yi godiya lokacin sallama.

Da ka yi magana sai a ce maka ƙaddara ce, a yi haƙuri. Wallahi mun yarda da ƙaddara, amma addininmu bai ce ƙaddara na goge hakki ba. Akwai hadisi a Abu Dawud da Nasa'i da ke cewa wanda ya yi ma mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ke da lamuni. Ibn Rushd kuwa, malamin mazhabarmu ta Malikiyya, ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan likita in ya yi kuskure akwai diyya, kuma mafi yawansu sun ce aƙila ce ke biya, wato jama'ar da ke bayanshi, ba shi kaɗai ba. Ta fannin dokar ƙasa ma, aya ta 1382 ta kundin dokar farar hula ta ce wanda laifinshi ya jawo ma wani ɓarna dole ya gyara.

Maganar aƙila ɗin nan ita ce ta fi tsaya mani a rai, don a zamaninmu aƙilar ma'aikacin lafiya ai asibitin da ya ɗauke shi ne. Ban yarda a ɗora lissafin kan sajfam (ungozomar asibiti) ko majo (malamin jinya) ba. Wadda ta kwana ita kaɗai da masu naƙuda cike da ɗaki, wuta ta ɗauke tana haska fitilar salula, safar hannu ta ƙare, in hannunta ya kuskure laifin wa ya fi yawa? Kuma in kun ce daga albashinta za a cire, to ba wanda zai sake faɗin kuskure, sai ɓoyo da tura mara lafiya gaba, a ce ku tafi Yamai ko Galmi, wasu su tsallaka Katsina. Amma in asibiti ya san daga akwatinshi kuɗɗin za su fita, ranar nan zai sa a riƙa ƙirga ƙyallaye da almakashi kafin a rufe ciki.

Ba sabon abu na kawo ba. A Amurka tun 2008 inshorar gwamnati ta Medicare ta daina biyan asibitoci ƙarin kuɗɗi kan wasu kurakurai, irinsu mance kayan aiki cikin jiki ko ƙara ma mutum jinin da ba irin nashi ba. Faransa ta yi doka a 2002 ta kafa hukumar biyan diyyar haɗarin magani. Hukumar lafiya ta duniya kuma na cewa kusan mara lafiya 1 cikin 10 na cutuwa wajen neman magani, kuma sama da rabi ana iya kauce mashi.

Na san abin da shugabannin asibitoci za su ce, ina kuɗɗin? Suna da gaskiya, shekara da shekaru gwamnati na jinkirin maida masu kuɗɗin maganin kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da anka fara a 2006, ga kuma ragin rabin kuɗɗin jinya a asibitocin gwamnati na 2024 da talaka ya ji daɗinshi amma ya rage abin da ke shiga akwati. To wannan tsakaninsu da ma'aikatar lafiya ne, ba dalilin tatsar mai jinya ba ne. Gwamnati ta ware asusu na musamman don asibitocinta, kilinik masu zaman kansu kuma a tilasta masu inshora kafin a ba su izni.

Kuma ba kowane ciwon da ya ƙi warkewa ba ne kuskure, akwai aikin da ko an bi ƙa'ida duka sai ya zo da matsala. Shi ya sa ake buƙatar kwamiti a matakin jiha, da likitocin da ba na asibitin ba, da alƙali, da malami, da wakilin jama'a, su duba dosiye cikin wata ɗaya. A ba dangi kwafin dosiyen in sun nema ba tare da an yi masu tsawa ba, kuma kafin kwamiti ya yanke, a ci gaba da jinya kar a rubuta masu ordonans ko ta dala.