Ba tuwo ke cinye mana gas a lokacin ɗari ba, ruwan zafi ne

Shekaranjiya da asuba gas ɗinmu ya ƙare. Ina ƙudundune cikin bargo ina jiran a ce mini ruwan alwala ya yi, sai na ji uwargida a madafa tana ƙyasta ashana, ta ƙyasta, ta sake ƙyastawa, shiru. Tun kafin ta leƙo na san zancen. Kwana 11 ke nan da na ɗauko butel ɗin nan a bayan kabu-kabu, butel ɗin da a watan Afrilu yake kai mu mako uku har da ɗoriya. Ba zan ɓoye ba, da faɗa na tashi. Na ce wai shan gas ɗin nan ake yi a gidan nan, ko kuwa sadaka ake rabawa makwabta da shi?

Ba ta tanka ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Baban yara, ruwan da ka yi wanka da shi jiya, da wanda Inna ta yi alwala da shi tun daga asuba har lisha, da wanda na wanke ƴan lakwal uku da shi, a rana ya yi zafi?" Na ɗauki buta na fita, da ruwan randa na yi alwalar, haƙorana suna kaɗawa har masallaci.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Na san ba gidana kaɗai ake wannan rigima ba daga Disamba zuwa Fabrairu. A fada ma hirar ke nan, kowa na kukan matarsa ba ta da tattali. To, na zauna na yi lissafi, kuma lissafin bai ba mu gaskiya ba, mu maza.

Mu nan Maraɗi ba ma ɗumama ɗaki kamar yadda ake yi a Faransa ko Rasha, inda ake jawo gas ta bututu ya zagaye gida. Sanyinmu na asuba ne da na dare. A Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin fitowar rana, da hantsi kuma ka cire rigar sanyi ka rataye. Ruwa muke ɗumamawa, kuma ruwa ba ƙaramin cin wuta yake yi ba. Idan za ka tafasa lita 10 da ta kwana a randa, kana bukatar gas wajen giram 150, domin kusan rabin zafin da risho ke fitarwa ba ya shiga tukunya, gefe yake bi ya tafi. Ke nan ƙaramin butel mai kilo 6, da a ce ba a dafa komai da shi sai ruwa, tukunya 40 zai yi ya ce ga garinku nan. A gidana mu bakwai ne, tukunya ɗaya da asuba, ɗaya da almuru, a sirka da na sanyi a rarraba. Ka ɗora wannan a kan shayi da koko da miya da ake dafawa dama, sai ka ga kwana 11 ɗin nan ba ɓarna ba ce, daidai lissafi ne. Har ma ta yi ƙoƙari.

Ban ma sa wanke-wanke a ciki ba. Duk namijin da yake ganin ɗumama ruwan wanke kwanoni shagwaɓa ce, ya tashi ƙarfe shida ya tsoma hannu cikin bahon ruwan da ya kwana a tsakar gida, ya cuɗa tukunyar miya mai maiƙo. Kwana uku ya isa ya ga yadda hannu ke tsagewa.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani da na fita neman mafita a ranar. Uwargida ta aiki yaro gidan makwabciyarmu ya ɗebo garwashi, na bi bayansa don in gaishe ta. Bazawara ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da ƴaƴa biyar da sana'ar ƙosai. Na tarar da ita durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen icce, hayaƙi ya cika zauren, idanunta jawur. Na ce, "Iya, nawa kike sayen icce a rana?" Ta ce a wannan sanyin, ban da na sana'a, na dala 80 ba ya kai ta dare. Dala 80, wato sefa 400, sau 30, jikka 12 ke nan a wata, wato sefa 12,000. Ni da nake ta kumfar baki, ko sau uku na canza butel a wata, abin bai wuce jikka 6 zuwa 7 ba. Ni mai albashi ina biyan rabin abin da mai ƙosai take biya don samun ruwan zafi iri ɗaya, kuma ita har da kyautar tari da ciwon ido.

Na ce me ya hana ta sayi gas? Ta yi dariya ta ce, "Malam, wa zai ba ni jikka 20 a dunƙule?" Nan gizo ke saƙa. Ba cikon gas ne ke gagarar talaka ba, kuɗin shiga ne, wato butel ɗin kansa da kan risho da ƙarfen ɗora tukunya. Icce kuwa ana sayar maka da shi na dala 20, na dala 40, yadda aljihunka ya ce a wannan safiyar. Mai ciniki kullum-kullum da kullum-kullum yake saye, ko da ya san a ƙarshen wata shi aka ƙwara.

Ku tuna, gas ɗin nan namu ne. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a ƙarshen 2011, wadda ke tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana, a gida ake samar da shi. Daga 2012 gwamnati ta tsayar da cikon butel mai kilo 6 a kan sefa 1,800, babban mai kilo 12.5 kuma 3,750. Wannan abin a yaba ne, kuma shi ya sa gidaje da yawa a cikin gari suka koma gas, har da waɗanda a da suke cewa bam ne ba za su kwana da shi ba. Sai dai rangwamen nan wanda ya riga ya mallaki butel shi ke cin moriyarsa. Mai butel uku ya ci sau uku. Iya mai ƙosai ba ta ci ko sau ɗaya ba. A ganina da za a ɗauki wani kaso na ƙoƙarin a mayar da shi kan butel na farko, a riƙa ba mata bashi suna biya kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙungiyoyinsu na adashi, da an fi taɓa inda ke ciwo. Matan Maraɗi sun iya adashi tun kafin a zo da banki, kuma ba a san su da cin bashi ba.

Sannan farashin takarda daban, na bakin titi daban. Da sanyi ya kama, kowa na neman ciko lokaci ɗaya, sai ka zagaya daga Zariya zuwa Sabon Gari zuwa Ali Ɗan Sofo ana ce maka babu, mota ba ta iso ba. Inda ka samu kuma a ce sai ka ƙara wani abu, ko a ce ba sa karɓar butel mai irin launin naka. Daga matatar zuwa nan tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, amma kowace shekara sai a yi kamar hunturu ya zo ba sallama. Rannan jikka 2 da dala 60 na biya wani mai shago, kuma da na ɗaga butel ɗin na ji kamar bai kai nauyin da na saba ba. Tun daga nan nake zuwa da ɗan ma'aunin rataye na masu sayar da kaji. Nauyin butel ɗin in babu komai ciki yana rubuce a jikinsa, ka ƙara kilo 6, abin da ya kamata ma'auni ya nuna ke nan. Mai shagon ya ɓata rai, ni ma na ɓata nawa, muka rabu lafiya.

Iccen kuma daga ina yake zuwa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Madarunfa da sassafe ya ga amalanken shanu jere da lodi. Dajin Baban Rafi ya daɗe yana ciyar da murhunan garin nan, kuma yanzu shigarsa ma sai da addu'a saboda ƴan bindiga, abin da ke ƙara wa iccen tsada. Abin takaici, wannan jihar tamu ita duniya ke misali da ita wajen dawo da itatuwa. A nan ne tun farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, tare da manoma suka fara gyaran kututturan da ke tohowa a gona maimakon a sassabe su ƙarƙaf, har abin ya bazu zuwa Agye da Tasawa da Damagaram, ana ƙiyasin itatuwa miliyan 200 a faɗin ƙasar. Manomi ya yi shekara goma yana renon gawo da kalgo da sabara, mu kuma a birni mu ƙone su cikin wata uku don wankan safe, sannan ranar 3 ga Agusta mu fito mu dasa ɗan tsiro a ɗauke mu hoto.

Kada wani ya ce ina kiran a rushe murhu. A gidana ma har gobe a murhu ake tuƙa tuwo, domin babbar tukunya ba ta zama daram a kan ƙaramin butel, muciya ɗaya za ka ja ka ga tana neman kifewa. Wake ma in ba a jiƙa shi tun dare ba, gara icce. Gidan da aka haihu a wannan lokacin kuwa, zancen gas bai taso ba, wankan jego na kwana 40 a kan garwa ake yin sa, kuma duk ango ya san kafin ragon suna akwai kuɗin icce. Wannan wata magana ce mai tsawo, likitoci ma suna da abin cewa a kan yawan zafin ruwan da kunun kanwa, mu bar ta sai wani jiƙon.

Akwai wani abu da ba zan wuce ban faɗa ba, domin shi ba aljihu yake ci ba, rai yake ɗauka. Kaskon gawayi a ɗaki rufe. Inna, mahaifiyata, ba ta yarda ta kwanta sai an shigar mata da kasko, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Shekara biyu muna wannan daga da ita. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce bari ya ɗan kwanta, daga nan sai a ɓalle ƙofa da safe. Sau da yawa sai a ce iska ce ta taɓa su, ko abincin dare ne. Na ce mata, "Inna, ki gafarce ni, ki ji ɗuminki a tsakar gida har ki gaji, amma kasko ba zai kwana a ɗakinki ba." Ta ce ita da ta haife ni a ɗakin da ake hura wuta ƙarƙashin gado zan koya wa zaman duniya. Na ce wancan ɗakin na kara ne da jinka, iska tana ratsa shi ta ko'ina, wannan na siminti ne da ƙofar ƙarfe. Ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ta karɓi bargo na biyu da safa. Masu kunna risho su bar shi yana ci a ɗaki don ɗumi, su ma hukuncinsu ɗaya.

Haka masu girgiza butel ko matsar da shi kusa da wuta in harshen ya yi rauni da asuba. Sanyi ne ke rage masa ƙarfin fitowa, musamman in ya kusa ƙarewa. A bar shi a tsaye inda yake. In ana shakkar yoyo, kumfar sabulu ake shafawa a wuyansa a ga ko za ta yi ƙwai, ba ashana ake ƙyastawa ba.

Da na dawo da sabon ciko a ranar, uwargida ta zaunar da ni ta karanta mini nata dokokin, ni da na zo da niyyar kafa nawa. Ta ce in sayo mata bido biyu baƙaƙe, a cika su a ajiye a rana tun hantsi, zuwa la'asar sun yi ɗumin da yara za su yi wanka ba a kunna komai ba, wankan ƴan lakwal ya koma yamma, da safe a wanke fuska da ƙafa a shafa mai. Ta ce in sayo babban tarmos saboda alwalar Inna, a tafasa sau ɗaya a zuba, ba kowace salla a kunna wuta ba. Ta ce murfin babbar tukunya ya ɓace tun bikin ƙanwata, kuma tukunya a buɗe cikin iskar nan kamar zuba ruwa a rariya ne, in nemo wani, in kuma kafa mata ɗan kwano ta gabas ya tare iskar da ke karkatar da wutar. Na ƙarshe, ta ce ni ne mai cinye rabin ruwan gidan, domin ni kaɗai ke cewa sai ya tafasa yana tururi sannan in sirka, alhali ɗumi kawai ake nema.

Bidon da tarmos da murfin duka jikka 9 suka ci mini. Na rubuta ranar da aka ɗaura wannan butel ɗin da gawayi a bangon madafa, zan dawo in gaya muku kwana nawa ya yi. Tsohon butel ɗinmu kuma, wanda ke jibge a bayan ɗaki tun da muka sayi na biyu, uwargida ta ce a kai wa Iya ta riƙa biya dala 40 kullum har ta gama. Yaro ya kai mata jiya da yamma. Ta ce a bar shi a zaure tukuna, sai uwargida ta zo da kanta ta nuna mata yadda ake kunnawa.