Minsharin Pug ba abin dariya ba ne

A 2022 French Bulldog ya ture Labrador daga matsayin karen da aka fi yi wa rajista a Amurka, bayan shekara 31. Yayin ya iso Abuja da Legas, tare da Pug da Shih Tzu. A ganina, wanda ba shi da tsayayyar wuta da na'urar sanyaya ɗaki, kada ya sayi irin waɗannan karnuka masu gajeren hanci, wato French Bulldog, Pug da Shih Tzu.

Masu kiwo sun yi ta zaɓen iri har ƙashin fuskar ya gajarce, amma naman ciki bai ragu ba. Ƙofofin hanci suka matse, naman bayan ganɗa ya yi tsawo yana toshe maƙogwaro. Minsharin da ake ɗauka a bidiyo ana dariya, wahalar numfashi ce. Kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ƙoda da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari. To ina ga Afrilu a Sakkwato ko Yamai, inda iskar kanta take wuce 40?

Wanda ya riga ya mallaka, ya riƙa fita da shi da asuba ko bayan magariba, kamar minti 15. A ɗaura masa ɗamarar ƙirji, igiyar wuya tana ƙara shaƙe shi. Pug kada ya wuce kilo 8, don ƙiba tana ƙara matse hanyar iska. Ninkin fatar fuska a goge shi kullum da tsumma mai laima, sannan a tsane shi sosai, domin damshin da aka bari ne ke kawo wari da gyambo. Idanunsu a waje suke. In yana runtse ɗaya, a kai shi likitan dabbobi a ranar.

In haki ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi shuɗi, a kwara masa ruwan sanyi, a kunna fanka, sannan a nufi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi.

Tun 2019 Holand ta hana haɗa iri da karen da tsawon hancinsa bai kai sulusin kansa ba. Mai saye ya nemi ganin uwar ɗan kwikwiyon. In tana kwance ma ana jin gurnanin numfashinta, ya fasa cinikin.