Kafin ku zaɓi asibiti, ku tambayi wa zai tsaya kusa da ku a daren farko

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar lasisin aikin jinya ya fito, saƙonni kan cika min waya. Tambayar kusan ɗaya ce: "Anti, ina zan fara? Babban asibitin koyarwa ko ƙarami? Wancan ya fi suna, wannan ya fi albashi." Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na ce bari in zuba ta a nan, wanda ya ga tana da amfani ya ɗauka.

Ƙannena, sunan asibiti bai taɓa koya wa kowa aikin jinya ba. Wanda ke tsaye kusa da kai a bakin gado shi ke koyarwa.

A watannin farko na aikina an sa ni aikin dare a ɗakin maza. Akwai wani dattijo da aka yi wa tiyata kwana biyu kafin nan. Wajen ƙarfe 2 na auna jininsa, na duba zafin jikinsa, na ga ba matsala, na rubuta zan wuce. Sistar da muke tare ta riƙo hannuna ta ce, "Ƙanwata, kin ƙirga numfashinsa?" Ban ƙirga ba. Kintace na yi na rubuta 18, kamar yadda da yawa ke yi idan gajiya ta kama su. Ta sa na tsaya da agogo minti ɗaya cur, sai ga 28, alhali numfashin babban mutum mai lafiya tsakanin 12 ne da 20. Nan take aka kira likita, ashe ƙwayoyin cuta ne suka fara shiga jininsa. Ba ta yi min tsawa ba, ba ta kai ƙarata ba. Da gari ya waye ta zaunar da ni ta ce sau da yawa numfashi ne ke fara tona asirin jiki kafin awon jini ya faɗi.

An koya mana wannan a aji, har na amsa shi a jarrabawa. Amma sai daren nan ya shiga kaina.

Ba ni kaɗai ba ce. Tun 1974 wata malamar jinya a Amurka, Marlene Kramer, ta yi rubutu kan firgicin da sabbin nas ke shiga idan abin da suka karanta ya yi karo da abin da suka tarar a bakin aiki. A 1984 kuma Patricia Benner ta kasa ƙwarewar nas mataki biyar, daga sabon shiga zuwa gwani, ta ce kafin mutum ya kai mataki na uku, inda zai iya tsara aikinsa da kansa ba tare da ruɗewa ba, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku a fanni ɗaya. Shekara biyu zuwa uku fa. To wanda ya ce zai damƙa miki ɗaki guda ke kaɗai a mako na biyu, ba yarda da ke ya yi ba, ma'aikata ne ba shi da su.

Saboda haka idan kun je ganawar neman aiki, kada ku zauna kamar waɗanda ake yi wa alfarma. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambaya ko za a haɗa ku da tsohon hannu guda ɗaya da zai riƙa bibiyar aikinku, kuma na tsawon mako nawa. Ku tambayi yaushe za a fara barinku aikin dare. Sannan tambayar da ta fi sa shugabanni gyaran murya: marasa lafiya nawa nas ɗaya ke riƙewa da dare?

A kan wannan zan ɗan tsaya, domin batun rai ne. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania. Sun gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar nas ɗin ta ƙone da gajiyar aiki kuma yana ƙaruwa da kashi 23. Jihar Kaliforniya har doka ta yi, wadda ta fara aiki a 2004, ta ƙayyade cewa a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ba za ta riƙe fiye da marasa lafiya biyu ba. Na san a wurare da dama na duniya wannan lissafi mafarki ne. Duk da haka, inda gadaje suka yi wa nas yawa ba ta koyon komai sai gudu: a rataya ƙarin ruwa, a yi allura, a cike fayil, a ruga gado na gaba. Shekara za ta ƙare hannu ya iya sa kanula, wato siririn bututun da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ido bai iya karanta mara lafiya ba.

Batun wane sashe kuwa, tsofaffi kan ce a fara da ɗakin kwanciya na gama-gari kafin a je na musamman. Rabin maganar na yarda da ita. A can za ka ga mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, duk a jere, ka koyi wa za ka fara dubawa idan uku sun kira ka lokaci guda. Amma idan ranki na son ɗakin jarirai ko sashen gaggawa, kuma suna da tsarin horar da sabon shiga na watanni, ki shiga abinki. Wurin da nake jin tsoro shi ne ƙaramin asibitin da za a ce ke ce nas, ke ce shugabar nas, likita kuma sai an kira shi a waya. Muƙamin yana da daɗi a baki, amma kuskurenki ba mai ganinsa, balle ya gyara.

Kuɗi fa? Ba zan yi muku ƙaryar cewa ba su da muhimmanci ba, kowa da nauyin da ke kansa. Sai dai idan wuri ya yi ta roƙonku da alawus mai tsoka, a binciki dalilin da ya sa na da suka tafi. Takardar da ta ɗaure ku shekaru kuma a karanta ta layi-layi kafin a sa hannu.

Masu hanƙoron fita wata ƙasa, ku kwantar da hankali. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai nas kusan miliyan 28 a duniya, kuma ana ƙarancin miliyan 5.9. Aikin ba zai gudu ya bar ku ba, kuma duk inda kuka je abin da kuka iya za a duba.

Na san wasu za su ce, "Anti, mu da ƙofa ɗaya ce ta buɗe mana, ina zancen zaɓi?" Gaskiya ne. Ku karɓa. Amma cikin makon farko ku lura da wace sista ce ke ɗaga bargo ta duba ƙafar mara lafiya ba tare da an ce ta yi ba, ku liƙe mata ko da tana da faɗa.

Wanda kuma yake da zaɓi, ya roƙi a bar shi ya leƙa ɗakin da za a tura shi, daidai lokacin da masu aikin dare ke miƙa wa na safe. Ya tsaya gefe ya saurara. Idan ƙaramar nas ta ce "ban gane ba", ya kalli fuskar babbar ya ga abin da za ta yi.